Littafin da Profira Ta Bari

Laraba, 9 ga Oktoba, ƙarfe bakwai na safe

Raɓa mai yawa, babu iska. Shekara ashirin ke nan, tun da na bar aiki a injin yankan katako, nake rubuta yanayin gari da lafiyar ƙudan zumana a irin wannan littafin. Yau ban leƙa su ba.

Matata Profira ta tafi birnin Brasov jiya da yamma. 'Yarmu Rodica ce ta zo da mota ta ɗauke ta, don a duba mata hannu a babban asibiti. Santsi ne ya kwashe ta a matakalar kicin. Rodica ba ta shigo ba, a bakin ƙofa ta tsaya da makullin mota a hannu, ta ce, "Mama, magungunanki kawai za ki ɗauko." Na ce, "Yanzu ba a gaida uba?" Ta dube ni yadda ake duban bango.

Kwana biyu ne ko uku.

Alhamis, 10 ga Oktoba, ƙarfe shida na yamma

Ba ta kira ba.

Asabar, 12 ga Oktoba, ƙarfe huɗu na yamma

Aglaia, matar maƙwabcina Zamfir, ta miƙo mini miyar wake ta kan shinge. Shi kuma yana zaune a bencinsa yana yi mini dariya. "Kai tsoho, an mayar da kai gwauro! Ka dai gano inda ake ajiye gishiri?" Na ce masa asibiti kawai ta je. Ya ce, "To, Allah ya sawwaƙe. Santsi ba shi da daɗi." Aglaia ta karɓi kwanonta na jiya ta shige.

Maɓallin rigar cocina ya cire, na shiga neman allura a kwandon ɗinkin Profira. A can ƙasa, ƙarƙashin zaren ulu, na tarar da littafi an naɗe shi da tsohuwar jarida. Na buɗe. Bangonsa baƙi ne, da hoton wani ƙato ya juya baya, duk tabo, da wata mace cikin jar riga ta dafa ƙofa. Shekara arba'in da uku muna tare, ban taɓa ganin ta karanta wani abu ba ban da kalandar coci da takardar magani.

Ban sami allurar ba.

Lahadi, 13 ga Oktoba, ƙarfe uku na rana

A coci mutum biyar suka tambaye ni ita. Na ce ana yi mata gwaje-gwaje.

Da na dawo na buɗe littafin, don kawai in ga mene ne ake ɓoye mini a gidana. Rabona da littafin labari tun ina makaranta. Shafi goma na yi na gane shi. Tatsuniyar kakata ce, ta dodon kan dutse da ya ɗauke 'yar mai saran itace saboda ubanta ya sare masa bishiya. A bakin kakata, kafin miya ta huce 'yan'uwan yarinyar sun je sun sare kan dodon, an dawo da ita, mu kuma a kore mu mu kwanta. A nan shafi ɗari huɗu ne, kuma dodon mutum ne mai mota da dazuzzuka, sunansa Vlaicu. Yarinyar Smaranda. Babu 'yan'uwa ko ɗaya.

Akwai shafin da na karanta na waiwaya in ga ko ana kallona, alhali ni kaɗai ne a gidan. Wace irin mace ce ke zama ta rubuta wannan? Kuma Profira, mai yi wa jikokinmu faɗa idan suka ga sumba a talabijin!

Shirme ne. Gobe zan hura murhu da shi.

Litinin, 14 ga Oktoba, ƙarfe sha ɗaya da rabi na safe

Na kira. Rodica ce ta ɗauka.

"Ba ni mamarki."

"Tana barci."

"Sha ɗaya na safe?"

"Ee, Baba. Tana rama na shekara arba'in ne."

Ta kashe. Yarinyar nan tun tana ƙarama bakinta ya fi ƙarfinta.

Ban hura murhu da littafin ba. Itace ya wadata.

Talata, 15 ga Oktoba, ƙarfe biyar na yamma

Mako ɗaya.

Akwai zane da fensir a gefen wasu shafuka. Jiya ban lura ba sai da na sa tabarau. Ɗan layi ne siriri, kamar wanda aka ja da tsoro. Na zata wuraren rashin kunyar nan za ta ja wa layi, in sami abin da zan tsokane ta da shi idan ta dawo. Ba su ba ne.

Na farko yana shafi na hamsin da takwas, inda Smaranda take tsayawa a kicin da yamma tana sauraron yadda Vlaicu zai rufe ƙofar waje, don daga ƙarar take sanin irin daren da za ta yi. Na biyu inda ta ba shi haƙuri saboda miya ta huce, alhali shi ne ya makara. Na uku inda ya kawo mata furanni washegari, ta karɓa da hannun hagu don na daman ba ya ɗaguwa.

Ni ban taɓa kawo furanni ba. Zuma nake kawo mata, ta farkon kwasa, wadda ba na sayar wa kowa.

Ban san me ya sa na rubuta wannan ba.

Alhamis, 17 ga Oktoba, ƙarfe huɗu na yamma

Na yi wauta na nuna wa Zamfir. Ya riƙe cikinsa. Ya buɗe tsakiya, ya siranta murya kamar ta mace yana karantawa, "Ya kama ni kamar zai karya ni, ni kuwa ban so ya sake ni ba." Har da tari don dariya.

"Ka gani ko, maƙwabci? Abin da nake gaya maka kullum. Haka suke so. Namijin da ba ya tsawa, ko kaza ba ta ganin girmansa. Ko ba haka ba, tsohuwa?"

Aglaia tana shanya a bayansa. Ba ta juyo ba, ta ce, "Kai ka sani."

Na yi dariya ni ma. Da na shigo gida sai na ji kamar na ci abin da ya kwana.

Juma'a, 18 ga Oktoba, ƙarfe takwas na safe

Ruwa tun asuba. Ba ta kira ba. Kabejin da muke jiƙawa don ajiyar lokacin sanyi yana jiran gishiri, kuma ita kaɗai ta san awonsa.

Juma'a, ƙarfe shida na yamma

Ba na son in faɗa, amma mutumin nan Vlaicu yana da dalilinsa. Ubansa ya riƙa ɗaure shi a rumbu yana yaro, daga nan tabon bayansa. Yana ciyar da ƙauye guda. Bai taɓa duban wata mace ba. Idan ya yi abin da ya yi, fita yake yi daji ya yi ta saran itace har hannunsa ya fashe. Ba mugu ba ne, zuciya ce gare shi, kuma yarinyar ta san haka. Tana cewa ita kaɗai ta ga ainihin fuskarsa.

Ubana da bel ɗin soja yake yi, gefen ƙarfen. Ban taɓa kai ƙararsa wurin kowa ba, kuma na yi masa kabari mai kyau.

Fensirin bai taɓa shafin rumbun ba. Na duba sau biyu.

Lahadi, 20 ga Oktoba, ƙarfe biyu na rana

Ban je coci ba. Na gaji da cewa ana yi mata gwaje-gwaje.

Smaranda ta gudu. Shafi na ɗari uku da shida. Ba ta ɗauki komai ba sai mayafi, ta bi ta hanyar masu kiwo zuwa gidan wata gwaggonta. An ja layi biyu a nan, fensirin har ya kusa huda takarda.

Na rufe littafin na ɗora masa tukunya a kai.

Litinin, 21 ga Oktoba, ƙarfe tara na safe

Na buɗe kabad ɗinta don in ga ko ta tafi da rigar sanyi, kada ta sha wahala a can. Rigar tana nan. Amma akwatin gwangwanin da take ajiye takardar haihuwarta da katin fansho da hoton mahaifiyarta babu shi.

Magunguna kawai aka ce ta ɗauko.

Talata, 22 ga Oktoba, ƙarfe bakwai na yamma

Ba ta kira ba. Ban karanta ba.

Laraba, 23 ga Oktoba, ƙarfe biyar na yamma

Ta dawo! Smaranda ta dawo da ƙafarta. Ta tarar da shi kwance ba ci ba sha, gemu ya cika masa fuska, gidan ya zama kango. Ya durƙusa a gabanta ya yi kuka, ta dafa kansa. Daga ranar bai ƙara ɗaga murya ba. Suka haifi 'ya mace.

Ni Anghel, mai shekara saba'in da ɗaya, wanda injin katako ya cire wa yatsa bai yi ƙwalla ba, na zauna a kujerar kicin ina share hanci da hannun riga saboda labarin da wata mata ta ƙirƙira. Na ce a raina, ashe shi ya sa ta bar mini shi. Ta san zan nemi allura. So take in karanta in san za ta dawo idan na sha wuya iya shan da ya kamata.

Sai na ga ƙasan shafin ƙarshe. Kalma ɗaya ce da fensir, haruffan ƙanana ƙwarai.

"Ƙarya."

Alhamis, 24 ga Oktoba, ƙarfe goma na safe

Na duba kalmar da gilashin da nake duba ƙwan ƙudan zuma. Tana nan yadda take.

Gobe akwai motar ƙarfe shida zuwa Brasov.

Asabar, 26 ga Oktoba, ƙarfe uku na rana

Jiya na je na dawo. Zan rubuta yadda aka yi, dalla-dalla, don kada nan gaba in gyara shi a kaina.

Na aske gemu, na sa rigar coci da maɓallinta a aljihu. Na ɗauki zuma kwalba biyu da littafin. Rodica ta buɗe ƙofa iya faɗin fuskarta.

"Me ya kawo ka?"

"Matata na zo gani."

"Ba za ka shigo gidana ba."

"Rodica, ni ubanki ne."

"Na sani, Baba. Ai shi ya sa."

Sai na ji muryar Profira daga ciki. "Ki ce masa ya jira ni a bencin ƙasa."

Na jira kusan rabin awa. Ta sauko cikin rigar sanyin Rodica, wadda ta yi mata yawa, hannun dama cikin filasta har gwiwar hannu. An rage mata gashi. Ban taɓa ganin wuyanta a waje ba tun muna matasa. Ta zauna a ƙarshen bencin, ta bar tsakaninmu wurin mutum biyu. Rodica tana tsaye a taga a sama.

Na shirya magana tun daga gida, awa biyar ina maimaita ta a mota. Da na buɗe baki, abin da ya fito shi ne, "Kabeji zai lalace."

Ta ce, "Cokali biyu na gishiri a kowace litar ruwa. Ka danne shi da dutsen da ke bayan rijiya."

Na fito da littafin na ajiye a tsakaninmu. Na ce, "Na karanta. Duka. Na ga abin da kika ja wa layi, na ga abin da kika rubuta a ƙarshe."

Ta dube shi, ta dube ni. "Ni? Ban rubuta komai ba. Ni da ko fensir ba ni da shi. Aro aka ba ni."

"Amma kin karanta."

"Shafi arba'in na yi na ajiye."

"Don me?"

"Me zan karanta a ciki, Anghel, wanda ban sani ba?"

Wata mata ta wuce da kare. Muka jira ta yi nisa, kamar masu maganar sirri.

Na ce, "A ƙarshe tana dawowa. Shi kuma yana canzawa."

"Shekararta nawa?"

"Sha tara."

"To, tana da lokaci." Ta gyara zaman hannunta a kan cinya. "Ni ma na dawo ai. Sau uku. Ka manta? Daga gidan yayata sau biyu, sau ɗaya daga tashar jirgin ƙasa, da Rodica a hannuna. Kowane lokaci ka yi kuka, kuma na yarda kukan gaskiya ne. Har yau na yarda."

Na ce, "Profira, na tsufa. Ba ni da ƙarfin komai yanzu."

Ta ɗaga filastar kaɗan. 

Daga baya ta ce, "Ba fushi nake yi ba. Da fushi ne da ya huce, ka san ni. Likita ya tambaye ni yadda aka yi, na buɗe baki zan ce santsi, sai na ji na gaji. Gajiya ce kawai. A nan ina barci. Ba zan dawo ba, Anghel."

Ta tashi. Ta karɓi zuma kwalba ɗaya, ta ce ɗaya ta isa, hannu ɗaya gare ta. Ta ce littafin na Aglaia ne, in mayar mata, kuma kada in ba ta a gaban mijinta.

Lahadi, 27 ga Oktoba, ƙarfe shida na safe

Matakalar kicin ba ta santsi. Ni na yi ta da hannuna, na manna mata roba a kowane taki.

Ni ne na ji mata ciwon. Kuma ba shi ne na farko ba.

Talata, 29 ga Oktoba, ƙarfe sha biyu na rana

Na jira Zamfir ya tafi kasuwa, na kira Aglaia bakin shinge. Na naɗe littafin da sabuwar jarida. Ta karɓa ta tura shi ƙarƙashin rigar aikinta ba tare da ta duba ba.

Na ce, "Ke kika kira Rodica ranar nan."

"Ni ce."

"Kin kyauta."

Ta dube ni kamar tana jiran sauran maganar, wadda za ta zo da zagi. Da ta ga babu, ta ce, "Yaya hannun?"

"An sa filasta. Tana barci sosai, in ji ta."

"Madalla," in ji Aglaia, sai idonta ya cika.

Na ce, "Wanda ya ja layukan nan da fensir..."

"Littafin ya zaga gidaje da yawa a layin nan, maƙwabci. Kada ka tambaya." Ta shige.

Can an jima ta miƙo mini kwalbar jam ɗin 'ya'yan itace da ta dafa, da sunan wata da shekara a jiki, da fensir, haruffan ƙanana ƙwarai, irin na ƙarshen littafin. Shekara talatin muna shinge ɗaya. Kusan kowace yamma ina zaune a bencin mijinta muna shan giyarsa.

Alhamis, 31 ga Oktoba, ƙarfe biyar na yamma

Zamfir ya kira ni benci. Na ce ƙafata tana ciwo. Ya ce, "Har yanzu gwaje-gwajen ne? Ka je ka ɗauko abarka, kai! Mace idan ka sake mata igiya..."

Na ce, "Ba santsi ba ne, Zamfir."

Ya yi dariya. "To, waye bai sani ba? Zo ka zauna."

Ban je ba. Ya kamata in ƙara faɗa masa wani abu, game da gidansa. Na tsaya riƙe da shinge ina neman ta inda zan fara, na rasa da wane baki. Zan sake gwadawa.

Asabar, 9 ga Nuwamba, ƙarfe huɗu na yamma

Rodica ta zo da motar kaya da takarda a hannu, an jera abin da za a ɗauka. Keken ɗinki, rigunan sanyi, bargon da mahaifiyarta ta saƙa, tukwane biyu, hoton Maryamu na ɗakin kwana. Na riga na haɗa yawancinsu. Ta yi mamaki, ba ta nuna ba.

Muka ɗauki keken tare, ita gaba ni baya. A tsakar gida ta ce mu ajiye ta huta. Tana duban ɗakin kaji.

"Ka san a can nake kwana wani lokaci? Ina 'yar shekara bakwai. Idan an fara, sai in fita ta taga in shiga wurin kaji. Suna da ɗumi."

Na ce ban sani ba.

"Mama ta sani. Da safe takan cire mini gashin kaza daga kai kafin ka tashi."

Na ce, "Rodica, ki yafe mini." Ban taɓa faɗa wa kowa wannan ba.

Ta ce, "Ɗaga, Baba. Hannuna ya gaji."

Da za ta tafi na tambaye ta ko zan iya zuwa ranar Kirsimeti, ko na awa ɗaya, in ga yara. Ta kunna mota. Ta ce za ta tambayi mamarta, kuma duk abin da ta ce shi ke nan. Na ce shi ke nan.

Litinin, 11 ga Nuwamba, ƙarfe bakwai na yamma

Dusar ƙanƙara ta farko, ba ta kwanta ba. Na rufe wa ƙudan zuma amya da buhuna.

Na tuƙa tuwon masara da kaina. Ya yi gudaji, kuma ya yi yawa. Ban iya awon mutum ɗaya ba tukuna.